Yadda Ake Binciken Firji Kafin a Kira Mai Gyara

A wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, maƙwabciyata a nan Yelwa, Jalingo, ta ɗauki wuƙa tana ɓamɓare ƙanƙarar da ta toshe saman firjinta, don robobin zoɓo su sami wuri. Sai ta ji "fiiis", wata iska mai sanyi ta feso mata a hannu. Kafin la'asar komai ya narke. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, zo ka duba mini, ban san abin da na taɓa ba." Tsinin wuƙar ya huda bututun gas. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙara su ne sana'arta, sai ga shi cinikin buɗa-baki ya wuce ta.

Abin ya tsaya mini a rai, domin yawancin firjin da ke mutuwa a Jalingo ba tsufa ke kashe su ba. Wuta ce, da ƙura, da hannunmu. Kuma da zarar sanyi ya ragu sai a ce "gas ya ƙare". Gas ɗin firji ba kamar na girki ba ne. A rufaffen bututu yake zagaye, ba a ƙona shi. In ya ragu, to akwai huda. Don haka shi ne abu na ƙarshe da za a zarga. Ga yadda ake bi.

Fara da wuta. Buɗe ƙofa ka ga ko ƙwan fitilar ciki ya kama. In bai kama ba, jona cajar waya a soket ɗin. In ita ta yi aiki, duba fis ɗin da ke cikin filogi. Sannan ka zare filogin, ka haska bayan firjin da tocila, domin ɓera na son ɗumin wurin kuma yana gaigayar waya. Firji na bukatar soket nasa na bango, ba doguwar wayar da aka jona dutsen guga da talabijin a kanta ba.

Kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola ne ke ba Taraba wuta, tare da Adamawa da Borno da Yobe, ko da yake har gobe NEPA muke cewa. An ƙera firjinmu ne don ƙarfin wuta 220 zuwa 240. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa a kan taransifoma ɗaya, ƙarfin kan faɗi. Za ka gane: fanka na juyawa kamar mai jin barci, firji ya yi gurnani, ya ce "ƙas", ya yi shiru, can ya sake. Kwamfaresa ce, wato injin da ke matsa gas, ke son tashi ta kasa, kuma kowane yunƙuri zafi yake ƙara wa wayoyin cikinta. Zare filogi nan take. Maganin dindindin shi ne sitabilaiza mai maɓallin jinkiri. In babu, ka saba wa mutanen gida: aka ɗauke wuta a zare, aka kawo a jira minti 5. Dalili kuwa, gas ɗin da kwamfaresa ta matse yana bukatar ya lafa, in ba haka ba da nauyi a kanta za ta tashi. Haka ma in za a koma janareta. Firji kan ja wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, don haka a bar janareta ya daidaita, a jona firjin shi kaɗai, sauran kaya su biyo baya.

In wuta cikakkiya ce amma "ƙas" ɗin bai daina ba, mai yiwuwa rile ne, wani ɗan akwati da ke manne a jikin kwamfaresa yana taimaka mata tashi. In aka cire shi aka girgiza, wanda ya ƙone yakan yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kwamfaresa, saboda haka kada ka yarda a yanke wa kwamfaresa hukunci kafin a gwada sabon rile.

To, in kwamfaresa na aiki amma sanyin bai kai ba fa? Duba maɓallin lambobi na ciki, yara kan murza shi. Yadda lamba ta ƙaru, haka sanyi ke ƙaruwa. Daga nan sai baya. Firji zafin cikinsa yake kwasowa ya zubar ta baƙar ragar nan ta baya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan lulluɓe ta kamar bargo, sai bazara ta riske ta a haka. Zare filogi, ka share ta a hankali da busasshen burushi, ba tare da lanƙwasa bututu ba. Ka bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango. Sababbin ƙira da yawa ba su da raga, a cikin jikin gefe aka binne bututun, shi ya sa gefen ke ɗumi. Wannan ba ciwo ba ne, amma kada a matse shi tsakanin kabad da bango, ko a lulluɓe shi da ƙyallen ado. A nisanta shi da risho da tagar da rana ke bugawa.

Akwai wata takarda manne a baya ko a ciki da ba kowa ke karantawa ba. A kanta akwai harafin yanayin da aka ƙera firjin dominsa: N har zuwa digiri 32, ST har 38, T har 43. A Maris da Afrilu zafin garin nan kan doshi 40, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin. Firjin Beljiyom da aka yi wa Turai sau da yawa N ne, lafiyarsa lau amma bazararmu ta fi ƙarfinsa. Mai shirin saye ya nemi mai T.

Sai robar ƙofa. Sa takardar naira 200 ka rufe ƙofar a kanta, ka ja. In ta zare ba gardama, iska na shiga ta nan. Gwada kowace kusurwa. Sau da yawa danƙon zoɓo ne ko miya ya bushe a jiki, ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar. In ta tsage, sai sabuwa. Ka ɗan ɗaga ƙafafun gaba yadda ƙofar za ta riƙa komawa da kanta.

Ƙanƙara kuwa, da kaurinta ya wuce rabin santimita ta fara hana sanyi ratsawa. Zare filogi, kwashe kaya zuwa kula, ajiye kwanon ruwan zafi a ciki, shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka bar ta ta saki da kanta. Ba wuƙa, ba cokali mai yatsu, ba sukundireba. Ina nanata wannan domin yawancin sababbin firji da gas R600a suke aiki, kuma yana kama wuta. In tsautsayi ya sa an huda, a buɗe taga da ƙofa, a kashe risho, kada a ƙyasta ashana.

Ruwa a ƙasan firji yawanci ɗan ramin magudana ne da ke bangon ciki ya toshe. Tura ruwan ɗumi da sirinji. Wari kuma, a wanke da bakin soda, a ajiye ɗan gawayi a kofi.

Sanyin da ake so shi ne digiri 4 a wurin abinci, 18 ƙasa da sifili a firiza. In aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yakan riƙe abinci kamar awa 4, cikakkiyar firiza awa 48, mai rabin kaya awa 24. Shi ya sa nake cike gurbi da robobin ruwa su daskare. Naman layya a ƙulla shi ƙananan ledoji, kada a jibge shi dunƙule guda, tsakiyar za ta lalace kafin sanyi ya kai ta. In wuta ta yi nisan kiwo, a soye shi ƙarau kamar yadda iyayenmu ke yi.

Mai gyara ya zama dole in jikin firji na jan mutum, ko kwamfaresa na aiki ba hutu amma ragar baya ba ta yi ɗumi ba, ko ƙanƙara ta kama kusurwa ɗaya kawai, ko ka ga maiƙo a mahaɗar bututu. In ya ce gas ne, ka ce, "Malam, nuna mini inda ya zurare." Mai sanin aiki zai shafa kumfar sabulu ya gano hudar, ya liƙe, ya canja 'yar matatar bututu, ya zuƙe iskar ciki da injin, sannan ya zuba irin gas ɗin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin firjin, R134a ko R600a, ba wanda ya samu a jaka ba. Wanda ya ɗura gas bai toshe huda ba, bayan 'yan makonni za ka sake nemansa. In kuma sai an kai shago, a ɗauke shi a tsaye a a-kori-kura. In dole ta sa aka kwantar, to a bar shi tsaye kwana guda kafin a jona, don man kwamfaresa ya koma mazauninsa.