Yadda Ake Haɗa Sandar Fatsa Mai Gaɓa Huɗu, Zobbanta Su Zo Layi Ɗaya

Masu kamun kifi a Ingila da Sikotlan da Amurka suna da wani salo da ba a sa tana ko wani abinci a ƙugiya. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa da zare a jikinta har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta kan ruwa, kifi ya zaci kalaci ne ya kawo cafka. Salon ya daɗe da isowa Afirka. Ana yin sa a rafukan tsaunukan Kenya da na Afirka ta Kudu, a kogin Faro na arewacin Kamaru kuwa baƙi kan zo da irin wannan sanda neman giwan ruwa da tsage.

Da yake ƙwaron bogin ba shi da nauyi, igiyar ake yi wa kauri, sanda ta lanƙwasa ta cilla ta. A kowace jifa sai igiyar ta ratsa zobba kusan goma da ke jere a jikin sandar. Wadda aka fi yayi tsawonta ƙafa 9 ne, kusan mita 2.7 ke nan, an raba ta gaɓa huɗu don ta shiga jakar tafiya. Gaɓa huɗu kuwa mahaɗa uku ce, kuma a kowace sanda na iya karkacewa ko ta saki.

In zobba suka karkace, igiya takan riƙa gugar gefensu maimakon ta sulale, jifa ta rage nisa, ƙwaron ya faɗa inda ba a nufa ba. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce mahaɗar da ba ta zauna ba. Muddin kan gaɓa bai shige ramin 'yar'uwarta sosai ba, duk lanƙwasar da sanda za ta yi a leɓen ramin nauyin ke taruwa, har ya tsage. A nan sanduna da dama ke karyewa, mai su ya ɗora wa kifi laifi. Don haka daidaita zobba da zaunar da mahaɗa aiki ɗaya ne, tare ake yin su.

Kafin ka fara

Duba kan kowace gaɓa da raminta. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su ko ta sa su cije. Goge kan da tsumma mai laushi, ramin kuma ka share shi da auduga a tsinke, an ɗan jiƙa ta da sifirit, ka bari ya bushe. Mai fita su da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina, ya mai da wannan ɗabi'a.

Daga nan ka goga kyandir kaɗan a kan da zai shiga, ka murje da yatsa. Kakin yana sa mahaɗa ta riƙe, yana kuma sauƙaƙa rabawa. Kada ka cika shi, domin a zafi yakan yi laushi ya tara datti. Man shafawa da man inji kuwa ba wurinsu ba ne.

San irin mahaɗarka

Yawancin sandunan yau na girafayit ne, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1970, kuma gaɓar sama ce ke haɗiye kan ta ƙasa. Akwai wata irin mai ɗan turke da ke fitowa daga gaɓar ƙasa ya shiga ta sama. Ita wannan da gangan aka bar mata rata ta rabin inci ko ƙasa da haka, don in turken ya ci da daɗewa ya sami wurin ƙara shiga. Kada ka ce sai ka rufe ratar, za ka fasa ramin. Ta uku ita ce mahaɗar ƙarfe ta sandunan gora. Wannan ba a murɗa ta ko kaɗan: a saita zobba tukuna, a tura kai tsaye, ranar rabawa ma a ja kai tsaye.

Yadda za ka haɗa

Fara daga sama. Ɗauki siririyar gaɓar ƙarshe da mai bi mata, ka riƙe kowace dab da mahaɗa. Riƙo daga nesa shi ke lanƙwasa siririyar har ta karye. Kada yatsunka su dogara da zobba, domin zare da ɗan gam ne kawai ke riƙe da ƙafafunsu.

In ba mahaɗar ƙarfe ba ce, zura su zobban na kauce wa juna da rubu'in juyi, ka tura a hankali har ka ji sun fara cizo. Sai ka ci gaba da turawa kana murɗawa, har zobban su zo layi ɗaya. Murɗawar nan ita ke kulle mahaɗa, shi ya sa ba a fara su a saite. Ƙarfin da ake so shi ne wanda in ka ja da sauƙi ba za su rabu ba, ba na kokawa ba. Haka za ka ƙara gaɓa ta uku, gindi mai mariƙi ya zo a ƙarshe. Wasu sun fi son su haɗa biyun sama, su haɗa biyun ƙasa, sannan su gama a tsakiya. Duk ɗaya ne, in dai babu gaɓar da aka yar a ƙasa.

Kamfanoni da yawa suna sa ɗigo ko ɗan layi a bakin kowace mahaɗa, ɗigo ya fuskanci ɗigo. Yana rage aiki, amma ido ne alƙali. Ɗaga sandar zobbanta na kallon sama, ka kai gindin kusa da fuskarka, ka rufe ido ɗaya ka leƙa tsawonta yadda kafinta ke duba miƙewar katako. Daga babban zoben farko har na tsini ya kamata ka gan su a jere. Wanda ya leƙo gefe, gaɓarsa ce ta karkace. Ka ɗan sassauta mahaɗar ka sake zaunar da ita, maimakon ka murɗe ta da ƙarfi tana cije. In sandarka ba ta da ɗigo, ka daidaita ta sosai sau ɗaya ka ɗiga jan farce a kowane gefe na mahaɗa, gobe aikin ya zo da sauƙi.

Yanzu ɗaura kwarkwaron naɗe igiya, ka tabbatar yana layi ɗaya da zoben farko. Wajen zura igiya, ninka ta biyu ka bi zobba da ninkin, don in ta kuɓuce ba za ta sulale ta koma ƙasa ba. Da ka gama ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya, tsallake zobe abu ne mai saurin faruwa.

A bakin ruwa

Jifa da kanta tana murɗa sanda, balle da babban ƙwaro irin na giwan ruwa ko in ana iska. Bayan kowane rabin awa, ko duk sa'ad da ka tsaya sauya ƙwaro, ka ɗaga ka leƙa. Zoben da ya kauce daga layi shaida ce mahaɗarsa ta motsa, kuma wadda ta motsa ta fara saki. Haka in ka ji ɗan ƙas-ƙas ko girgiza wajen jifa. Tsaya nan take ka sake zaunar da ita. Masu dogayen sandunan hannu biyu na kogunan Sikotlan har baƙin salatif na masu gyaran wuta suke naɗawa a mahaɗa saboda wannan.

In ta cije

Wajen rabawa, riƙe dab da mahaɗa, ka ɗan murɗa, in ba ta ƙarfe ba ce, ka ja a miƙe. In ta ƙi, sauri kan haifi nawa. Sa safar hannu ta roba don riƙo ya yi ƙarfi. In har yanzu shiru, ka ɗan durƙusa, sandar a bayan gwiwoyinka, hannu ɗaya a kowane gefe na mahaɗar ta wajen gwiwa, ka buɗa ƙafafu a hankali su tura hannuwan. Ɗora ƙanƙara a mahaɗar na ɗan lokaci ma yana taimakawa. Filaya da wuta kuwa kada su kusance ta.

Ka bar gaɓoɓin su bushe kafin ka mai da su kube, ka kuma duba leɓen kowane rami a haske. In ka ga tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, kada ka sake jifa da sandar. Kamfanoni da dama suna sayar da gaɓa ɗaya ita kaɗai, kuma sauya ta ya fi araha nesa ba kusa ba a kan sayen sabuwar sanda.