Darasi Ga Hakimai Da Malamansu: Zaɓen Inshorar Lafiya Ga Tsofaffi

Sanin kowa ne ciwon tsufa ba baƙon kwana ɗaya ba ne. Hawan jini da ciwon sukari suna bukatar magani kowane wata, har iyakar rai. Ta haka ne dattijo ya kan sayar da shanun huɗa, daga baya ya jinginar da gona. Maganin wannan shi ne taimakekeniya, watau jama'a su tara kuɗi tun suna lafiya, a yi wa wanda ciwo ya kama magani daga ciki.

Abin Da Doka Ta Tanada

A 2016 Jihar Kano ta yi dokar kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, watau KSCHMA. A 2022 kuma dokar tarayya ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma lasafta tsofaffi cikin masu rauni waɗanda ya kamata a biya musu.

Ƙofofi Uku

1. Tsohon ma'aikaci. Yawancin ma'aikatan gwamnati suna ajiye aiki a shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 da kama aiki. Kuɗin taimakekeniyarsu daga albashi a ke cirewa. Saboda haka lalle ne mutum ya tambayi hukuma tun kafin albashi ya tsaya, ko sunansa da na iyalinsa za su ci gaba, da kuma ta inda za a riƙa biya.

2. Mai abin hannu. Manomi ko masuncin Tiga ko ɗan kasuwa yana iya biya wa kansa, ko 'ya'yansa su biya masa. Kaka ce lokacin da ya fi dacewa, sa'ad da kuɗi ke hannu.

3. Marar hali. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko. Daga ciki a ke biya wa talakawa, ba da ko sisinsu ba. Amma fa gurabe ƙidayayyu ne, don haka sai a gabatar da wanda ya fi cancanta.

Zaɓen Asibiti

Nan ne a kan yi kuskure. Kowane mai rajista yana da asibiti guda da a ke rubuta sunansa, can ne zai fara zuwa. Waɗansu su kan zaɓi na birni saboda suna. Alhali dattijon Riruwai a ƙasar Doguwa, in zai je Kano, sai ya ratsa dajin Falgore ya wuce Tudun Wada, kuɗin mota kuwa ba ya cikin inshora. Wanda zai karɓi magani kowane wata, asibitin kusa ya fi masa. In ciwo ya fi ƙarfinsu, su za su ba shi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Murtala a Kano.

Kafin a sa hannu sai a tambayi abu huɗu: shin maganin ciwon mutumin yana cikin tsarin? Nawa zai riƙa cikawa daga aljihunsa? Yaushe zai fara amfani bayan rajista? Yaushe a ke sabuntawa?

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Ya kamata hakiman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su umarci dagatai da masu unguwa su kawo sunayen tsofaffinsu, maza da mata, kada a manta da gwauraye da matan da mazansu suka rasu. Malamin hakimi ya rubuta suna da unguwa da lambar katin ɗan ƙasa da asibitin da ya fi kusa, ya kula sunan ya zo daidai da na katin. Kada a sa ɗan uwa mai hali a gurbin marar hali, gama wannan cin amana ne.

A yi rajista tun mutum yana kan ƙafafunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.