Ya Leƙa Lahira Ya Dawo, Halinsa Ya Canza: Me Ya Kamata 'Yan'uwa Su Yi?

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a Fatakwal ya rubuto yana cewa: "Likita, wata huɗu ke nan da motar da yayana ya biyo da kaya daga Aliero ta kife a hanyar Inugu zuwa Fatakwal. Kwana uku bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo ya ce ya ga gangar jikinsa a kwance shi kuma yana sama, ya ga haske, ya ga mahaifiyarmu da ta rasu tana ce masa ya koma. Tun daga nan ya zama wani mutum daban. Da can ba ya yafe ko sisi, yanzu ya yafe wa mutane bashi, yana cewa zai rabar da jarinsa ya koma gida. Ga rashin barci, ga saurin fushi, ko ƙarar tirela ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce Allah ne ya buɗe masa. Ina mafita?"

Ɗan'uwa, barka da arziki, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da zan fara gaya maka shi ne yayanka ba ƙarya yake yi ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun shekarar 1975 da wani likita ɗan Amurka, Raymond Moody, ya tattara labaran mutanen da suka kai gargara suka dawo, ake ta jin abubuwa masu kama da juna: ganin jiki daga sama, haske, natsuwa, haɗuwa da mamata, sai a ce wa mutum ya koma. A 2001 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken Pim van Lommel, likitan zuciya a ƙasar Holan. Ya bi mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su, 62 daga ciki suka ba da irin wannan labari. Da aka sake zama da su bayan shekara 2, aka kuma komawa bayan shekara 8, sai aka tarar tsoron mutuwa ya ragu a zukatansu, tausayi da kula da iyali sun ƙaru. Kafin shi Kenneth Ring ya lura cewa irin waɗannan mutane son abin duniya yana sanyi a ransu. Abin da ke haddasa ganin kuwa, masana ba su daidaita ba har yau. Wasu na danganta shi da ƙarancin iska a ƙwaƙwalwa, wasu na ganin wannan bayani bai isa ba.

Mu Musulmi mun san cewa wanda ajalinsa ya zo ba ya dawowa. Yayanka yana da sauran shan ruwa, shi ya sa yake raye. Abin da ya gani nasa ne, a girmama shi, amma matsayinsa bai wuce na mafarki ba: ba a gina hukunci a kansa, ba ya mai da mutum waliyyi, ba kuma shaidar taɓin hankali ba ne. Masu cewa aljanu da masu cewa buɗi duk sun yi gaggawa.

A zangonninmu na kudu masu irin wannan tarihi suna da yawa, sai dai ba ma maganarsa. Akwai waɗanda suka tsallake gadar Neja da ƙafa zuwa Asaba ko suka fake a barikin soja a rikicin Anacha na Fabrairun 2006. Akwai waɗanda gobarar tankar mai ta Upper Iweka a Anacha ta rutsa da su a Oktoban 2019, wadda ta ci har kasuwar Ochanja, da waɗanda suka kwana cikin fargaba a rikicin Oyigbo na Oktoban 2020. Ba duka suka suma ba, amma sun ga mutuwa ido da ido. Mukan ce wane ya yi sanyi, mu wuce. Ga shi mutum yana nesa da matarsa da iyayensa, ɗaki ɗaya da maza biyar ko shida, asuba ta yi kowa ya nufi kasuwa. Wa zai zauna ya saurare shi?

A wasiƙarka na ga abubuwa guda uku a cakuɗe, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne suman kwana uku. Wannan alama ce ta cewa kai ya bugu sosai. Gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke riƙe da linzamin mutum: haƙuri, lissafi, auna abu kafin a aikata. In ya taɓu, mai haƙuri kan zama mafaɗaci, mai tattali kan zama mai rabo ba kai ba gindi. Wato kyautar da kake gani tana iya fitowa daga zuciyar da ta yi laushi, tana kuma iya fitowa daga ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. Ga yadda za ka gwada ba tare da ka ɓata masa rai ba. Ku zauna bayan Isha'i da littafin bashi, ka ce ya tuna maka wa da wa ya yafe wa, nawa ne, don me. In ya kawo sunaye da adadi da dalili, ya ce wane marayu yake riƙo, wane kayansa ruɓewa suka yi, to hankalinsa yana tare da shi. In kuwa ya kasa tunawa, yana ɓata canji a rumfa, yana maimaita tambaya ɗaya, wannan aikin asibiti ne. Jini kan iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, ya bayyana bayan makonni ko watanni. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan gyangyaɗi, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko farfaɗiya, duk wanda ka gani kada ku kwana, a je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Bari in ƙara da wannan don masu kwana a shago: wanda hayaƙin janareta ya sumar, ko ya tashi garau, mantuwa da canjin hali na iya biyo baya bayan kwanaki ko makonni, don haka shi ma a sa masa ido.

Rashin barci da rawar jiki in ya ji tirela kuwa, miki ne na firgici. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A makonnin farko mutane da yawa haka suke yi, amma in an wuce wata guda ana mugun mafarki, ana zabura, ana guje wa tasha, ya zama ciwo mai suna a littafin likitoci, kuma yana warkewa da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci da magani. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka bari a haɗa masa ƙwayoyin barci a kemis ko tiramadol a bakin kasuwa. Na ga magidanta da yawa da haɗari bai kashe ba, ƙwaya ta gama da su. Addu'a da karatun Alƙur'ani a yi masa, zai samu natsuwa, amma ba da duka ba, ba da turnuƙe shi da hayaƙi ba, ba kuma a madadin likita ba.

Sai na ukun, wanda nake ganin alheri ne in an bi shi a hankali: duniya ta ragu a idonsa. Kada ka yaƙi wannan. Van Lommel ya lura cewa canjin yakan ɗauki shekaru kafin ya zauna daidai, kuma musu ko dariyar jama'a na daga cikin abin da ke wahalar da mutanen. Ka bar shi ya ba ka labarin ko sau nawa ne, kada ka kai shi majalisa ya zama abin hira. In ya ce da ma bai dawo ba, kada ka tsorata ka canza magana. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ita ke ceto shi.

Batun jari kuwa, ka tuna masa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Ya yi rashin lafiya a Makka har ya fid da rai, ya nemi ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a kashi ɗaya cikin uku, ya nuna masa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙo. Sa'adu ya warke, ya rayu shekaru masu yawa bayan nan. Maganar wasiyya ce, amma hikimar ta shafi yayanka. Sannan kai ma ka sani, jarin ɗan albasa ba duka nasa ba ne: akwai kuɗin manoman da suka ba da kaya bashi, akwai na ubangida, akwai zubin adashi. A fara rubuta waɗannan a gaban shaidu a biya. Sadaka ya ware mata wani abu duk mako. Sayar da rumfa da rabar da uwar kuɗi, shawarata a jinkirta aƙalla wata shida bayan likita ya duba shi. In har lokacin yana kan bakansa, limaminku da Sarkin Hausawa su zauna da shi, a yi cikin tsari. Gida kuwa ya je ya huta, ya ga 'ya'yansa, kai ka riƙe rumfar. Ka kira matarsa tun yanzu ka yi mata bayani, don kada ta ɗauki shirunsa ko faɗansa a matsayin ƙi.

A Fatakwal akwai asibitin koyarwa na jami'a da asibitin ƙwaƙwalwa na Rumuigbo. A Inugu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a New Haven. Na Anacha kuma asibitocin Nnewi da Nawfia ba su da nisa. Ka raka shi da kanka don ka yi masa tafinta, domin irin wannan magana ba ta fita da broka. Ku tafi da takardun asibitin da aka fara kwantar da shi, kuma ku je a wannan makon.