Yadda Mutumin Dandamisa Zai Ziyarci Bakin Teku a Ikko, Ya Koyi Hawan Taguwar Ruwa

Mutumin da aka haifa a Dandamisa, ya tashi tsakanin gonakin dawa da fadamun rake na ƙasar Makarfi, wanda iyakar ruwan da ya sani bai wuce rafi da kududdufi da kogin Galma in ya yi ambaliya ba, lalle ya cancanci ya je ya ga bahar da idonsa ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa, domin a ganinsa akwai ibra da tafakkuri waɗanda labari ba ya isar da su. Abin kuwa ba shi da nisan da ake zato, tun da yake tumatir da barkonon da ake nomawa a Ikara da Kudan kullum suna kan hanyar kasuwar Mile 12 ta Ikko, hanyar da ta ɗauke su kuwa za ta ɗauki mai su. Sai dai teku ba ta karɓar baƙon da ya zo mata da gaggawa, saboda haka ga yadda ya kamata a bi al'amarin daki-daki.

Da farko a zaɓi lokaci. Mafi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, kuɗin rake ya fara shigowa, ruwan sama kuma ya ɗauke a kudu. A watannin nan taguwar ruwa takan lafa, ta zama daidai da mai koyon hawanta, alhali kuwa daga Afrilu zuwa Oktoba iskar damina takan tunzuro ta har ta zama sai gwanaye.

Na biyu, kuma shi ne sharaɗin da ba a sassauta shi, mutum ya iya iyo tun daga gida. Wanda bai iya ba ya tafi ya yi kallo, ya jiƙa ƙafa iyakar ƙauri, ba wanda zai zarge shi. Amma kada ya kuskura ya hau allon hawan taguwa, gama Allah Maɗaukaki ya hana bawa jefa kansa cikin halaka, tawakkali kuma ba ya inganta sai an riƙi sababi.

Sa'an nan a shirya tafiya da masauki. Daga Dandamisa a fito Makarfi, a shiga Zariya, a nemi motar Ikko a nan ko a Kaduna. Tafiyar ta haura kilomita 800, ko dai ta Mokwa da Jebba da Ilori, ko ta Abuja da Lokoja, kuma wajibi ne a tambayi direbobi halin da kowace hanya take ciki game da tsaro kafin a biya kuɗin mota. Mai son hutawa yana iya sauka Ibadan ya ƙarasa da sabon jirgin ƙasa da aka buɗe a 2021, wanda ke tsayawa a Ebute Metta. Kada arha ta ruɗi mutum ya hau saman lodin tirela, rayuka da yawa sun salwanta ta haka. Masauki kuwa a nema tun kafin a tashi, wajen ɗan'uwa ko ɗan gari a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, inda Hausawa suka daɗe da zama, da masallatansu da sarakunansu. Musafiri ya tuna cewa kasaru sunna ce gare shi a hanya, amma bisa mazhabar Imamu Malik, da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Ikko, sai ya cika sallarsa.

Wurin da ya fi cancanta da mai koyo shi ne Tarkwa Bay, wani lungun gaɓa da ke bakin mashigar jiragen ruwa ta Ikko, wanda ba a zuwa sai ta ruwa. Dalilin fifikonsa kuwa shi ne, a farkon ƙarni na 20 Turawan mulki sun jibge manyan duwatsu suka yi katanga cikin teku don kare hanyar jirage daga yashi, katangar nan ita ce take karya ƙarfin tekun Atlantika, har taguwa ta iso lungun a ladabce, saɓanin sauran gaɓar Ikko inda take faɗowa da fushi. Ana shiga kwalekwale mai inji daga Marina ko daga Victoria Island, cikin abin da bai kai rabin awa ba an isa. A sa rigar ceto a ɗaure ta tamau tun kafin inji ya tashi, a ƙi jirgin da aka cika fiye da kima, a kuma yi ciniki da mai jirgi a kan lokacin komowa, ya zama kafin faɗuwar rana. Guzuri kaɗan ne: ruwan sha, da hula, da tabarmar salla, da leda mai kauri ta waya da kuɗi, da wando mai sauka ƙasa da gwiwa wanda ba ya nuna jiki in ya jiƙe, da riga mai kama jiki, wadda za ta suturta al'aura ta kuma kare ƙirji daga gogar allo.

In an sauka, kada a doshi ruwa. A nemi samarin wurin da suke ba da hayar allo suna kuma koyarwa, a zaɓi wanda mutanen wurin suka shaide shi, a yanke lada tun da fari, a kuma nemi allo dogo mai faɗi mai taushin baya, domin gajeren allo na gwanaye ne. Kada girma ya hana dattijo karɓar karatu daga yaro ɗan shekara goma sha biyar, tun da a wannan fage yaron shi ne malami. Wasan ma ba baƙo ba ne a gaɓar Afirka ta Yamma: ko da yake mutanen Hawayi ne suka shahara da shi, har aka shigar da shi gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, wani Baturen Birtaniya da ya ratsa Akra a shekarun 1830 ya rubuta cewa ya ga yara suna hawan taguwa da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu.

Karatun farko a kan yashi ake yinsa. Mutum ya kwanta rub da ciki a tsakiyar allo, yatsun ƙafa kusa da wutsiyarsa, ya ɗaga ƙirji, ya riƙa tuƙi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya dafa tafukansa dab da haƙarƙari, ya tashi da yunƙuri guda, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, jiki a karkace, gwiwoyi a lanƙwashe, ido na duban gaba. A maimaita har jiki ya haddace. Daga nan a ɗaura maɗaurin allo a idon sawun ƙafar baya, a shiga ruwa iyakar ƙugu, inda taguwa ta riga ta fashe ta zama farin kumfa, a juya hancin allo wajen tudu, in kumfa ya taho a yi tuƙi da ƙarfi, sai an ji ya ɗauki allon kana a miƙe. Faɗuwa ba makawa ce, ladabinta kuwa shi ne a faɗa a shimfiɗe, ba da ka ba, a rufe kai da hannuwa har a fito, kuma kada a taɓa riƙe allo tsakanin jiki da taguwa mai zuwa, don za ta maka shi a fuska. Taguwa ɗaya ta mutum ɗaya ce, wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa shi ke da hakki.

A nan ne ya wajaba a tsaya a kan mas'alar da ta fi kowace nauyi. Ruwan da taguwa take turowa tudu dole ya koma, yakan kuwa taru ya koma ta wata ƙunƙuntar hanya da gudu, kamar yadda ruwan Agusta ke taruwa ya bi kwazazzabo, sai dai wannan cikin teku yake nufa. Alamarsa mai yaudara ce, domin wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, taguwa ba ta fashewa a cikinsa, launinsa ya yi duhu ko ya gurɓace da yashi, a ga tarkace na tafiya ciki. Ana kuma yawan samunsa a gefen duwatsu. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman tudu kai tsaye, gajiya ce take kashe mutane. Ya riƙe allonsa, ya natsu, ya ɗaga hannu a gan shi, ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga jan ruwan, kana ya nufo tudu. Wanda ke tsaye a tudu kuma kada tausayi ya sa ya faɗa ceto alhali bai ƙware ba. Ya yi kururuwa, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa. A tambayi mutanen wurin lokacin cikar teku da janyewarta, wanda ke aukuwa sau biyu a yini da dare saboda jan wata.

Game da salla, malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, alwala da shi ta inganta. Teku a Ikko tana kudu, alƙibla kuwa gabas ce maso arewa, don haka a tambaya ko a duba waya. A fifita ranakun aiki da sassafe, domin Asabar da Lahadi wurin yakan cika da kiɗa da shigar da mai kunya ba zai so gani ba.

Wanda ya rage da kwana biyu ya ba Lekki Conservation Centre yini guda, wani dajin fadama mai hekta 78 da aka keɓe a 1990, inda birai da kadoji da tsuntsaye suke zaune cikin aminci a tsakiyar birni, akwai kuma gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke bi ta kan itatuwa. A ɓoye abinci daga birai, kada kuma a ba su. Ɗaya yinin a tafi Badagry, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, a ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, a haye zuwa tsibirin Gberefu, a taka hanyar yashin da aka bi da bayi zuwa jirage, waɗanda a cikin irinsu har da Hausawa Musulmi da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil. Wurin na addu'a ne da natsuwa.

Kai mai niyyar wannan tafiya, ka nemi izinin iyaye, ka bar wa iyali abin da zai ishe su, ka tafi da aboki wanda zai tsaya a tudu yana dubanka duk sa'ad da kake cikin ruwa, ledarka da robarka kuma ka kwaso su ka fito da su. Allah ya kai ka lafiya, ya komo da kai lafiya.