Gudummawar Harshe ga Binciken Cutar HIV: Darasi Daga Aikin Farfesa Muktar Aliyu

Gabatarwa

Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ce me ya haɗa kifi da kaska, mujallar ɗaliban Hausa da zancen likitoci. Ni ma da haka na ɗauka, har sai da wani hutu wasu masu bincike suka ba ni takardar tambayoyi kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i in mayar musu da ita Hausa, za su shiga da ita unguwannin Bolari da Jekadafari da Pantami a nan cikin garin Gombe. Wannan muƙala za ta dubi aikin masanin yaɗuwar cututtuka ta hanyar kawo misalin wani ɗan Arewa da ya yi fice a fagen, sannan ta nuna inda aikin nasa ya rataya a wuyan mai nazarin harshe.

Wane ne Masanin Yaɗuwar Cututtuka?

Likitan asibiti mutum ɗaya yake dubawa, ya rubuta masa magani. Shi kuwa masanin yaɗuwar cututtuka al'umma ce majinyacinsa. Yakan tambayi su wa cutar take kamawa, a ina, yaushe, kuma me ya bambanta su da waɗanda ba ta kama ba. A 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin waɗanda kwalara ta kashe a wata unguwa ta birnin Landan, ya gano cewa mafi yawansu daga famfo guda suke ɗibar ruwa. Da ƙidaya da tambaya ya cimma wannan, kuma har yau su ne jarin masu wannan ilimi.

Farfesa Muktar Aliyu

Muktar Aliyu ya kammala karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1994. Daga nan ya tafi Amurka, inda ya yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Jami'ar George Washington, ya yi na uku a Jami'ar Alabama da ke Birmingham. Ya zama farfesa a Jami'ar Vanderbilt ta jihar Tennessee, har ya kai ga shugabancin cibiyarta ta nazarin lafiyar duniya. Duk da haka akasarin bincikensa a gida yake yin sa, tare da masana na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Bayero, irin su Farfesa Zubairu Iliyasu.

Aikinsa da ya fi jan hankalina shi ne wanda ya jagoranta a karkarar jihar Neja, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet HIV a 2016. Matsalar ita ce akwai maganin da ke hana uwa mai ɗauke da ƙwayar HIV sa wa jaririnta, amma mata da yawa ba sa fara shan sa, waɗanda suka fara kuma sukan daina zuwa. Sai aka ɗauki asibitoci 12 aka raba su gida biyu. Gida ɗaya aka bar shi yana aiki yadda ya saba. A ɗaya gidan kuwa aka ba ungozomomi horo su riƙa yin wasu ayyukan da a da sai likita, aka kawo na'urar gwajin jini nan take, aka haɗa ganin uwa da jariri wuri ɗaya, sannan aka jawo mazaje da jama'ar gari cikin lamarin. A inda aka yi wannan sauyi, kashi 97 cikin ɗari na matan sun fara shan magani, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 39 ne kawai.

A lura, ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Kuma a ganina sashen da ya fi wuya shi ne na shawo kan maigida ya rako iyalinsa awo, wanda aiki ne na baki da iya lafazi.

Inda Harshe Ya Shigo

Alƙaluman da ake ji a rediyo ma da tambaya ake samo su. Gwajin mata masu zuwa awon ciki ya nuna yawan masu ɗauke da ƙwayar a Nijeriya ya tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari a 1991 zuwa 5.8 a 2001. Babban binciken gida-gida na 2018, lokacin da Dakta Sani Aliyu yake shugabantar hukumar NACA, ya sami kashi 1.4 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Jini shi ke nuna wanda ya kamu, amma yadda aka kamu da dalilin ƙin zuwa asibiti sai an ji daga bakin mutane. A gari irin Gombe, inda Bafulatani da Batere da Batangale da Bawaje da Babole suke haɗuwa a kan Hausa, kalma guda tana iya karkatar da amsar ɗaruruwan mutane.

Mu fara da kanjamau. Kalmar ta fito ne daga kanjamewa, wato ramewa har mutum ya bushe, don haka hoton matakin ƙarshe na ciwon take ɗauke da shi. Mai ɗauke da ƙwayar da ke shan magani kullum yana iya shekaru da ƙibarsa yana harkokinsa. Idan ka tambayi magidanci ko ya taɓa yin gwajin kanjamau, sai ya dubi jikinsa ya ce me zai kai shi. Balle kuma laƙabin kabari salamu alaikum da matasa suka yi yayi, wanda ya yanke wa mutum hukunci tun kafin ya ga likita. Wannan ne ya sa a 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da shawarar a riƙa kiran HIV da karya-garkuwa. Sunan ya fi dacewa da aikin ƙwayar, sai dai a kasuwa da tasha har yau kanjamau nake ji.

Sai kuma kuskuren da ni kaina na tafka. Akwai kalmar Ingilishi da ke nufin wanda mutum yake tarawa da shi, da aure ko babu. Don gudun batsa sai na sa abokin zama ko abokiyar zama. Da aka gwada tambayar a kan wasu matan aure, sai suka shiga lissafo kishiyoyinsu, domin a bakin mace abokiyar zama kishiya ce. Haka ma saduwa, tana iya zama gamuwa a hanya, tana iya zama ta shimfiɗa. Kunya takan tura mai fassara ga sakaya zance, shi kuwa mai ƙidaya so yake kowa ya fahimci tambaya ta fuska ɗaya tak. Dabarar da masu bincike suke bi ita ce a ba wani mutum dabam, wanda bai ga asalin takardar ba, ya mayar da Hausar zuwa Ingilishi, a kwatanta biyun, sannan a gwada tambayoyin a kan mutane kaɗan kafin a shiga gari. A matakin gwajin nan ne asirina ya tonu.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce sanyi. A wurin likita ciwon sanyi cuta ce takamaimai da ake ɗauka ta jima'i, kamar yadda tunjere yake wata cutar dabam. Amma a bakin jama'a, musamman mata, sanyi ya haɗa ƙaiƙayi da fitar ruwa da ciwon mara, kuma da yawa suna danganta shi da ban-ɗaki ko zama a wuri mai danshi. Wasu ma ciwon gaɓoɓi suke nufi. Idan aka tambayi mace ko ta taɓa yin sanyi ta ce e, mai bincike ya rubuta ta cikin masu cutar jima'i, to alƙalumansa sun kumbura da abin da babu shi. Daga ƙarshe cire kalmar muka yi gaba ɗaya, muka raba tambayar gida uku: ko akwai fitar ruwan da ba a saba gani ba, ko akwai zafi wajen fitsari, ko akwai gyambo a al'aura, kowanne a cikin wata goma sha biyu da suka wuce. Tambayar ta yi tsawo, kuma sai da aka sa mata su riƙa yi wa mata, maza su yi wa maza, kafin aka fara samun amsa.