Taimaka wa Masu Shanyewar Jiki a Nguru da Gashuwa: Akwai Aikin, Ina Albashin?

TAMBAYA: Na gama sakandare a Gashuwa, kuma na daɗe ina jinyar kawuna da ɓarin jikinsa ya shanye. Na gani a intanet cewa akwai aikin mataimaki a sashen da ke koya wa irin waɗannan marasa lafiya komawa harkokinsu, har da albashi mai tsoka. Shin ana samun aikin a yankinmu, kuma nawa ake biya?

AMSA: Ɗana, Allah ya ba kawu lafiya, kai kuma ya ba ka ladan zumunci. Gaskiyar magana ita ce: buƙatar aikin ta yi yawa a yankinku, amma albashinsa takarda yake bi, ba tausayi ko iya jinya ba. Alƙaluman da ka gani kuwa yawanci na Amurka ne, inda ake da gurbin mataimaki da sunansa da kuɗinsa. A nan tsarin daban yake.

Mene ne aikin?

Mutane kan haɗa shi da gashin ƙashi, wato fisiyo, alhali 'yan uwa ne kawai. Likitan fisiyo yana ƙoƙarin dawo da ƙarfi da motsin gaɓa. Wannan sashe kuwa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira OT, damuwarsa ita ce abin da mutum zai yi da gaɓar: ya ci tuwo da kansa, ya ɗaga buta ya yi alwala, ya sa riga, ya shiga bayi ba tare da an riƙe shi ba, ɗalibi ya kama biro, masunci ya koma gyaran komarsa. Idan hannun ya ƙi dawowa, sai a sauya kayan aikin: a ƙara wa cokali kaurin mariƙi, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a rage tudun ƙofar ɗaki.

Ma'aikatan hawa uku ne. Akwai ƙwararre mai digiri, shi ke auna mara lafiya ya tsara abin da za a yi. Akwai mataimaki mai difloma, wanda ke gudanar da tsarin a ƙarƙashinsa. Sai na ƙasa, mai shirya ɗaki, tsabtace kaya, tura keken mara lafiya da tallafa shi lokacin atisaye. Wannan na ukun shi ne wanda takardar sakandarenka za ta iya kai ka, kuma shi ne mafi raunin matsayi.

Masu buƙata

Ba sai an gaya wa mutumin ƙasar Bade yadda ciwon ƙoda ya addabi garuruwan bakin kogin Yobe ba. Inda ciwon ƙoda yake, hawan jini na kusa, shi kuma hawan jini shi ne babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki. Ka ƙara da waɗanda shan inna ta naƙasa kafin a ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, da yaran da doguwar naƙuda ko shawara ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, da 'yan haɗarin babur, da waɗanda rikicin arewa maso gabas ya raba da hannu ko ƙafa. Yawancinsu suna gida a kwance, mata da 'ya'ya ne ke fama da su.

Amma yawan marasa lafiya ba ya buɗe gurbi da kansa. Ana ɗaukar mataimaki ne inda akwai ƙwararren da zai kula da aikinsa, ƙwararrun OT kuwa 'yan ƙalilan ne a duk ƙasar, akasarinsu a kudu da manyan birane. Shi ya sa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko babban asibitin Gashuwa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Yobe a Damaturu, ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce ta sashen fisiyo.

Batun kuɗi

Asibitocin tarayya suna biyan ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba a kan tsarin CONHESS, mai matakai 15. Mai takardar sakandare kaɗai a can ƙasa yake farawa, albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin albashi nisa ba, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wanda gwamnatin Yobe ma ta amince da shi daga Disambar shekarar. Akwai alawus na haɗarin aiki, da aka ɗaga daga naira 5,000 a ƙarshen 2021. Mai difloma yana shiga a matakin da ya fi wannan, mai digiri ya fi shi, kuma su ne ke da hanyar ƙarin girma.

Ka kula da wani tarko: ƙananan ayyuka da dama a asibitoci yanzu na wucin gadi ne ko na 'yan kwangila. Babu fansho, babu ƙarin girma, kuɗin kan yi ƙasa da na gwamnati. Kafin ka ce ka samu aiki, ka ga takardar ɗauka, ka san wane ne zai riƙa biyanka.

Abin da za ka yi

Na farko, ka je sashen fisiyo mafi kusa ka nemi izinin zama ɗan sa-kai na 'yan watanni. A nan za ka koyi ɗaga mara lafiya ba tare da ka goce masa kafaɗa ko ka karya bayanka ba. Ka nemi takardar shaida idan ka gama.

Na biyu, ka nemi karatu. Makarantar tarayya da ke horar da mataimakan OT tana Oshodi a Legas, ƙarƙashin asibitin masu taɓin hankali na Yaba. Digiri kuma akwai shi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. In Legas ta yi nisa, Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri suna koyar da fisiyo, kwalejin kimiyyar lafiya ta Nguru kuma za ta iya ba ka wata takardar aikin lafiya da za ta shigar da kai tsarin albashi. Duk suna son sakamako mai kyau a darussan kimiyya, don haka in naka bai cika ba, gyara shi ne matakin farko.

Na uku, ka tabbata hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 don kula da waɗannan sana'o'i, ta amince da kwas ɗin OT ko fisiyon da za ka biya wa kuɗi. Takardar da ba ta kai ka ga lasisi ba asarar kuɗi ce.

Na huɗu, ka buɗe ido ga wuraren da ke ɗauka: asibitin ƙashi na Dala a Kano, asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Maiduguri, cibiyar gaɓoɓin roba da Red Cross ta taimaka aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Maiduguri a 2020, da ƙungiyoyin agaji. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

Na biyar, kada ka raina abin da ke hannunka. Iyalai suna biyan mai kula da mara lafiya a gida, musamman wanda ke bin tsarin da asibiti ya rubuta. In ka haɗa kai da kafinta da mai walda, kujerar bayi da sandar dogarawa da gyaran keken guragu duk sana'a ce. Sharaɗin ɗaya ne: kada ka kira kanka likita, kada ka tsara magani, domin doka ta hana, kuma jan gaɓa da ƙarfi na iya ƙara naƙasa.

Ka ɗauki aikin mataimaki a matsayin tsani, ba wurin zama ba. Ka ba kanka wa'adi: kafin lokacin neman gurbin karatu na gaba, sakamakonka ya cika, takardar sa-kai na hannunka, kuma ka zaɓi makarantar da za ka nema.