Darasi Na 14: Daidaita Daɓen Ɗaki

Ɗaki mai tudu da kwari wahala ne. Gado ba ya tsayuwa daidai, sai an yi masa waigi da dutse. Randa ta karkace. In ruwa ya zube, sai ya kwanta a kwarin, ƙasa ta jiƙe, gara ta samu hanya. Mutanen Kudan da Hunkuyi da Makarfi, waɗanda gidajensu ke kusa da fadamun rake, sun fi kowa sanin wannan da damina.

Sau da yawa akan ɗora wa mata laifi, a ce ba su daɓe da kyau ba. Ba haka ba ne. Madaɓi ba ya gyara tudu. Yadda ya tarad da ƙasa, haka zai bi ta. Aikin daidaitawa tun kafin a zuba marmara ake yinsa.

Ido yana ruɗi, amma ruwa kullum a daidai yake kwanciya. To, da ruwa za mu auna. Ku nemi siririn tiyo na roba, wanda ake ganin abin da ke cikinsa, mai tsawon kamar ƙafa 20. Ku cika shi da ruwa, kada ku bar kumfar iska a ciki. Ku yi alama da gawayi a jikin bango kusa da ƙofa, ƙafa 3 daga inda kuke son daɓen ya tsaya. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a nan, har kan ruwan ya yi daidai da alamar. Ɗayan ya kai ɗaya bakin kowace kusurwa, ya yi alama inda ruwan ya tsaya. Daga kowace alama a auno ƙafa 3 zuwa ƙasa, a kafa turke, a ɗaura igiya daga turke zuwa turke. Yanzu kowa zai ga tudu da kwari ƙarƙashin igiyar. Daɓen ɗaki ya ɗara tsakar gida tudu da kamar inci 6, don kada ruwan sama ya shigo.

Tudu a sare shi da fartanya. Kwari kuwa, nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Kada a juye ƙasa a cike shi gaba ɗaya. A zuba kamar inci 3, a yayyafa ruwa, a kirɓa ta zauna, kana a ƙara. Ƙasar da ba a kirɓa ba za ta lotsa bayan damina ɗaya, kwarin ya komo inda yake. Kada kuma a cika da shara ko ɓawon rake, gama suna ruɓewa.

Sa'an nan a baza marmara, a ja ta da miƙaƙƙen katako, a kira mata su daɓe. A riƙa yayyafa ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa. Shi ke sa daɓe ƙarfi da duhu mai kyau.

Mai halin siminti, shi ma sai ya bi wannan hanya tukuna. A wuri mai damshi ya shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa. Kwano 1 na siminti, kwano 3 na yashi, kaurin ya kai inci 2 ko'ina. Wanda ya shafa ɗan siminti fale-fale don ya rufe kwari ya yi asarar kuɗinsa, don zai ɓamɓare. A riƙa ba shi ruwa har kwana 7.

Saura zancen hunturu. Kakanninmu suna gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, su sa garwashi ciki, gadon ya kwana da ɗumi. Mutanen Koriya sun daɗe suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin daɓe, ɗakin duka ya yi ɗumi. A Turai kuwa bututun ruwan zafi suke binnewa cikin siminti, bisa wasu faifai masu hana zafi tserewa cikin ƙasa. Su ma sai sun daidaita ƙasa tukuna, in ba haka ba faifan su yi rawa, simintin ya tsage.

In za ku gina gadon ƙasa, ku bar daɓe da gadon su bushe sarai kafin ku sa wuta. Zafi a kan ɗanyen daɓe tsagewa yake kawowa. Kuma kada a kwana da garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga. Iskar gawayi ba ta da wari, amma tana kisa.

Tambayoyi
1. Don me ake auna ɗaki da ruwa?
2. Inci nawa za a zuba kafin a kirɓa?
3. Ku auna ɗakin da kuke karatu, ku rubuta inda kwari yake.